Muna Gaba, Muna Cin Jibi

Bari in fara da tona wa kaina asiri kafin in taɓa kowa. Na yi wata 7 ba na magana da maƙwabcina, kuma majami'armu ɗaya, darikar Angalikan, limami ɗaya ne ya yi wa 'ya'yanmu baftisma. Buhun taki biyu ne ya haɗa mu. Na ba shi da damina kan cewa zai biya da kaka, kaka ta zo ta wuce, ya sayar da masararsa, na ga sabon babur a ƙofar gidansa, ni ko sisi. Ban je na tambaye shi ba. Na dai ɗauke gaisuwa, shi ma ya ɗauke.

Abin da ke ba ni kunya yanzu shi ne ranar Lahadi. Kun san lokacin nan kafin Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu, da limami zai ce salamar Ubangiji ta kasance tare da ku, kowa ya juya ya miƙa wa na kusa da shi hannu. To, ni na ƙware. Sai in gaisa da na dama, in gaisa da na baya, in sunkuya kamar ina gyara takalmi har a fara waƙa. Da abin ya ishe ni, sai na koma sujadar Turanci ta safe, na bar masa ta Hausa. Matata ta ce, "Maigida, yaushe ka fara son Turanci haka?" Na yi shiru.

Ba ni kaɗai ba ne, mu daina ruɗin kanmu. Akwai mata biyu a zumuntar matan majami'a masu zani iri ɗaya, murya ɗaya a waƙa, amma kuɗin adashi ya raba su tun bara. Akwai 'yan'uwa ciki ɗaya da gonar gado ta sa kowa ke shiga ta ƙofarsa. Dukanmu muna durƙusawa a layi ɗaya, mu sha daga ƙoƙo ɗaya.

Alhali darikarmu ba ta taɓa ɗaukar gaba da wasa ba. Littafin addu'a na 1662, wanda tsarin sujadarmu ya samo asali daga gare shi, ya umurci limami kada ya bar mutane biyu da ya ga ƙiyayya a tsakaninsu su zo teburin Ubangiji sai ya tabbata sun shirya. Doka ce a rubuce. Yesu kuwa a Matiyu 5 ya ce in ka kawo baikonka, wato abin da za ka miƙa wa Allah, ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana da kai, ka ajiye baikon, ka je ku shirya tukuna. Manzo Bulus, a wasiƙarsa ga Afisawa, ya ba fushi wa'adin faɗuwar rana kawai. Maƙwabtanmu Musulmi ma kwana uku suka sani iyakar gaba. Ni na yi wata 7, ina kuma saka baiko kowane mako, ina jin kaina mutumin kirki.

Duk wanda ya taɓa shiga tsohuwar majami'ar St. Bartholomew ta Wusasa a Zariya, ginin lakar nan na 1929, zai gane abin da nake nufi. Ginin Hausa ne mai kaurin bango, an yi shi ne domin jama'ar da kowa ya san kowa. A irin wannan wuri ina za ka ɓuya wa abokin gabarka? Yau majami'unmu sun girma, sujada biyu ko uku, ga lasifika, ga kujeru har waje. Mun gode Allah da ƙaruwa, amma ta ba mu wurin ɓuya. Limami kuma da wuya ya hana mai gaba jibi, musamman in shi ne ya yi alkawarin kwanon rufi.

Ni dai ba limami ne ya kama ni ba. Wani tsohon katikis ne, mai taimakon limami wajen koyarwa, da ya yi ritaya, ido ɗaya ma ba ya gani sosai. Ya tare ni a gindin darbejiya bayan sujada ya ce, "Ɗana, takalmin nan naka kullum a lokacin salama yake kwancewa?" Na ce, "Baba, ai ni aka cuta." Ya ce ya sani, in ɗauko babur in kai shi gidan maƙwabcin nawa.

Mun zauna a zaure. Ashe babur ɗin da na gani a ƙofar maƙwabcina na ƙanin matarsa ne, kuɗin masara kuwa asibiti ya cinye, kunya ce ta hana shi zuwa. Ban yarda da duk abin da ya faɗa ba, har yau ina ganin da ya aiko ko yaro ne. Ya biya kuɗin buhu ɗaya, ɗayan yana nan sai kaka mai zuwa. Na koma sujadar Hausa. Lahadin da ta wuce ɗansa ne ya riƙe mini littafin waƙa, don na manta tabarau a gida.