Ba boko ne ya kawo wannan maganar ba

Tun daren jiya abin nan yake ci mini rai. Wasunku kuna wurin a majalisar bayan Isha'i, kun ga abin da aka yi wa yaron nan. Ɗan aji biyu a jami'a, ya durƙusa cikin ladabi ya ce, "Kawu, wani abokina ya ce mutum in ya mutu ya zama ƙasa shi ke nan, me zan ce masa?" Sai aka yi masa ca. Wannan ya ce boko ne ya lalata shi, wancan ya ce a ƙwace wayarsa, wani dattijo ya ce duk sharrin Turawa ne. Yaron ya sunkuyar da kai, ya ɗauki takalmansa a hannu ya fita, ba wanda ya ba shi amsa ko ta kalma ɗaya.

To ni na ce wannan zance ba gaskiya ba ne. Ba Bature ne ya ƙirƙiro maganar nan ba, ba kuma waya ce ta kawo ta ba. Tsohuwar magana ce tukuf.

Kusan shekara 2,500 da suka wuce, a arewacin Indiya, zamanin Buddha, an yi wani malami mai suna Ajita Kesakambali, wanda bargon da yake yafawa da gashin mutum aka saƙa shi. Littattafan mabiya Buddha sun kawo cewa Sarki Ajatasattu na Magadha ya je wurinsa da tambaya. Ajita ya ce mutum haɗin abu huɗu ne: ƙasa, ruwa, wuta da iska. In ya mutu kowanne ya koma asalinsa. Mutum huɗu su ɗauki makara, a ƙone gawa, ƙasusuwa su yi launin kurciya, hadayar da aka yi ta ƙare a toka, wawa da mai hikima duk ƙarshensu ɗaya. Ku gaya mini, ina bambancin wannan da abin da abokin yaron nan ya faɗa? A lokacin ina jami'a, ina intanet?

Daga baya abin ya zama mazhaba guda da ake kira Lokayata ko Carbaka, ana jingina ta ga wani Birhaspati. Su ba su yarda da komai ba sai abin da ido ya gani ko hannu ya taɓa. In ka ce musu hayaƙi alamar wuta ne, sai su ce shin ka ga duk hayaƙin duniya, na jiya da na gobe, da za ka yanke hukunci? In ka tambaye su daga ina hankali ya fito tunda ƙasa da ruwa ba sa tunani, sai su kawo misalin giya: kayan haɗinta ɗai-ɗai ba sa bugarwa, amma in aka haɗa suka tsima sai maye ya fito, haka jiki yake haifar da hankali. Limaman Hindu kuwa sun sha a hannunsu. 'Yan Carbaka suka ce in dabbar da aka yanka wajen hadaya aljanna take tafiya, me ya hana mai hadayar ya yanka mahaifinsa? In abincin da aka ajiye a nan yana ƙosar da mamaci, don me ake ɗaura wa matafiyi guzuri?

Akwai ma labarin wani basarake, Payasi, da ya ce ya sa an jefa ɓarawo cikin tulu da ransa, aka liƙe bakin da yumɓu, da ya mutu aka buɗe a hankali ko za a ga rai yana fita, ba a ga komai ba. Ya sa an auna nauyin wani kafin mutuwa da bayanta. Abin ba daɗin ji, amma ku lura da abin da wani malami mabiyin Buddha, Kumara Kassapa, ya yi: ya zauna ya bi hujjojin nan ɗaya bayan ɗaya yana warwarewa. Bai ce a ƙwace wa kowa komai ba.

Na san wani zai ce me ya haɗa mu da masu bautar gumaka na Indiya. Wani zai ce ina tallata kafirci. Wannan ba ya ko buƙatar dogon martani. Ni Musulmi ne, na yi imani da tashin ƙiyama, kuma saboda haka ne abin ya dame ni. Alƙur'ani da kansa, a Suratul Jasiya aya ta 24, ya kawo maganar masu cewa babu wata rayuwa sai ta duniya, ba abin da ke halaka mu sai zamani, sannan ya amsa musu. Malamanmu suka ba irin waɗannan suna Dahriyya. Imam Gazali sai da ya zauna ya rubuta manufofin masu falsafa dalla-dalla kafin ya rubuta raddinsa a kansu. Albiruni, wajen shekarar 1030, ya koyi yaren Sansikirit, ya rubuta littafi a kan Indiya, har ya ambaci littafin Birhaspati ya ce abin da yake koyarwa shi ne dogaro da gaɓoɓin ji da gani kaɗai. Waɗannan sun fi mu tsoron Allah, sun fi mu ilimi, kuma ba su ji tsoron sanin abin da abokin gaba yake faɗa ba. Mu ne muka fi su kishin addini?

Ku ma samarin da kuke ganin kun gano wani sabon abu da iyayenku ba su sani ba, maganar ɗaya ce. Tsohuwa ce. An yi ta a bakin kogin Ganga, an yi ta jayayya a kanta ƙarni bayan ƙarni. Abin da nake tsoro shi ne ranar da yaron nan zai karanta wannan tarihi da kansa, ya gane cewa dattawan da suka ce masa Bature ne ya kawo ba su san abin da suke faɗa ba. Daga ranar, ko gaskiya suka gaya masa ba zai saurara ba. Wallahi wannan ya fi tambayar tasa haɗari.

Wani abin kuma da ya tsaya mini a rai. Asalin littattafan Carbaka duk sun ɓata. Kusan duk abin da aka sani game da su daga bakin abokan hamayyarsu ya fito, kamar Madhaba da ya buɗe littafinsa na mazhabobin Indiya da su a ƙarni na 14. Littafi guda da ya rage mai kusanci da su, na Jayarashi, a ma'ajiyar littattafan mabiya addinin Jain aka same shi a garin Patan na Gujarat a 1926, aka buga shi a 1940. Mutanen da ba su yarda da shi ba su suka adana shi shekaru aru-aru. Da na karanta haka sai adakar kakana ta faɗo mini a rai. Bara na buɗe ta, na tarar gara ta cinye rabin takardun da ya rubuta da hannunsa, har da waƙoƙin wa'azi na ajami. Sauran suna nan naɗe cikin wani tsohon zane. Duk wanda ya san mai iya gyaran irin waɗannan takardu a Kano ko Zariya, don Allah ya yi mini magana.