Ranar da na gartsa wa gora cizo a Kambodiya

Ni mutum ne mai gaggawa, irin wanda ke fara danna hon tun kafin danja ta ba da hannu. To irina Allah ya kai Kratie, wani ƙaramin gari a bakin kogin Mekong a Kambodiya, inda da azahar za ka tarar da mai shago kwance a ragar lilo, kaya a baje, ba ruwansa da ciniki. 'Yan garin kuwa Kirace suke kiransa. Taro ne ya kai ni Phnom Penh, babban birnin ƙasar, aka tashi da sauran kwana uku a tikitina, wani ya ce in je Kratie in ga dolfin.

Dabbar nan ba kifi ba ce, shayarwa take kamar ayu. Tana zaune a wani gurbi mai zurfi a Kampi, kilomita 15 arewa da garin, kuma ƙidayar 2020 ta nuna saura 89 kacal a kogin. Na ce lallai a yi sauri kafin su ƙare.

Na tari tuk-tuk, wato a-daidaita-sahunsu, babur ne mai jan amalanke da rumfa. Direban ya ga hulata sai ya yi mini sallama. Ashe Musulmi ne ɗan ƙabilar Cham, suna da yawa a ƙauyukan bakin kogin. Na fara ce masa bong, yaya ke nan da yaren Khmer. Daga nan kuma zance ya ƙare, sai nuni da hannu. Tafiyar da yake yi, wallahi mai keke ya wuce mu har sau biyu.

A ƙauyen Thma Kre na hango mata sun jera wasu fararen sanduna a bakin titi, hayaƙi na tashi a bayansu. Na ce ikon Allah, rake! Ferarre, har gasawa suke yi. Na miƙa dala, aka dunƙulo mini canji na riyel, wanda kusan 4,000 ne a dala ɗaya. Bong ya ɗaga babban yatsa ya ce, "Halal." Na ce a raina, mutumin nan akwai tsantseni, yaushe rake ya taɓa zama haram?

Muka shiga kwale-kwale. Da muka kai tsakiya sai matuƙin ya kashe inji, ya sa yatsa a baki alamar a yi shiru. Minti goma, ba komai. Minti ashirin, sai ruwa. Wasu Turawa biyu sun ƙura wa kogi ido kamar masu jiran sakamakon zaɓe. Ni kuwa na ce zama bai gan ni ba, na zaro rakena, na yi bismillah, na kai shi turmin haƙori irin yadda muka saba, na gartsa.

Ƙas! Ƙarar ta cika kogin. Haƙori ya amsa har cikin kunne. Gora ce, jama'a, gora.

Matuƙin ya toshe baki, kafaɗunsa na rawa, har kwale-kwalen ya fara tangaɗi. Da ya samu numfashi sai ya karɓa, ya cire abin da aka toshe bakin da shi, ya ɓare gorar sala-sala kamar ayaba. Sai ga shinkafa mai danƙo da wake da madarar kwakwa, an gasa su a ciki. Kralan sunansa. Gaskiya kuma da daɗi, kamar tuwon shinkafa ne da ya je makaranta.

Na sunkuyar da kai ina ci da gefe ɗaya, sai na ji "fuuu" a bayana, Turawa suka ce "Ooh!" Kafin in waiwaya ruwa ya rufe. Na juyo dama, ta ɓullo a hagu. Ashe ba tsalle suke ba, kai kawai suke leƙowa su shaƙi iska su nutse. Sau shida ana yi, sau shida ina ganin kumfa.

Da na dawo gida yara suka ce, "Baba, nuna mana dolfin." Hoto 43 ne a wayata: 42 na ruwa, ɗaya na ƙafar matuƙi. Gorar dai na taho da ita, shaidar haƙorina na jiki, uwargida ta sa ludaya a ciki.