Taimakon Gaza: wace hanya nairarka ke bi kafin ta zama buhun gari?

Tun watan Oktoban 2023, da wuya a sauko daga sallar Juma'a a Kano ko Damagaram ko Maraɗi liman bai sa Falasɗinawa cikin addu'a ba. Tausayi kam akwai shi. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne sanin hanyar da kuɗi ke bi daga aljihun mai bayarwa zuwa tukunyar wata uwa a Khan Yunis, kuma a tsakanin nan ne gudunmawa da yawa ke salwanta.

Sai an fahimci ƙofa kafin a fahimci taimako. Zirin Gaza fili ne mai faɗin murabba'in kilomita 365, mutum sama da miliyan biyu a cikinsa, ba filin jirgin sama mai aiki, ba tashar da manyan jiragen ruwa ke sauke kaya. Kusan duk abin da zai shiga sai ya bi ta mashigar ƙasa, kamar Rafah ta ɓangaren Masar ko Karam Abu Salim, kuma sai da amincewar COGAT, hukumar sojin Isra'ila mai kula da shige da ficen kaya. Kafin yaƙi kusan manyan motoci 500 ke shiga a rana. Bayan harin Hamas na 7 ga Oktoba, wanda ya kashe kusan mutum 1,200 a Isra'ila, aka rufe ko'ina, ayarin farko bai shiga ba sai 21 ga watan, shi ma motoci 20 kacal. A Mayun 2024 sojojin Isra'ila suka karɓe mashigar Rafah. Daga 2 ga Maris 2025 aka hana shigar komai har kusan mako 11. Ranar 22 ga Agusta 2025 kwamitin IPC, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ke dogara da shi wajen auna yunwa, ya ayyana cewa yunwa ta tabbata a birnin Gaza da kewaye, alhali abinci na jibge a rumbunan Masar da Jodan.

Wannan shi ya sa tara kaya a nan gida aikin baban giwa ne. Wanda ya tara shinkafa da barguna da gwanjon tufafi a harabar masallaci ya manta cewa sai an biya kuɗin kwantena daga Legas zuwa Masar, sai an cika takardun kwastan, sai an sami ƙungiyar da za ta karɓi kayan a Arish, inda Red Crescent ta Masar ke tattara agaji, sannan a shirya su daidai da tsarin da masu bincike ke so. Ko an yi duk wannan, ana iya mayar da mota guda saboda abu ɗaya da aka ce zai iya amfanin soja, kuma an sha ƙin barin janareta, batura da wasu kayan asibiti a kan wannan hujja. Magani da abincin gwangwani kuwa wa'adinsu na tafiya suna kan layi. Kuɗin da za a kashe wajen jigilar buhu ɗaya daga nan zai sayi fiye da haka a kasuwar Masar ko Turkiyya. Saboda haka a ba da kuɗi, kuma a ba waɗanda ke da rumbu da ma'aikata a cikin Gaza.

Su wane ne? UNRWA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya da aka kafa a 1949 domin 'yan gudun hijirar Falasɗinu, ita ce mai mafi yawan ma'aikata da asibitocin sha-ka-tafi a zirin, kuma makarantunta ne suka zama matsugunin waɗanda aka raba da gidajensu. Majalisar dokokin Isra'ila ta haramta ayyukanta a Oktoban 2024, abin da ya takura mata wajen shigo da kaya, amma ma'aikatanta 'yan ƙasa sun ci gaba da aiki. Tana da asusun zakka na daban ga mai son fitar da zakkarsa. Sai Hukumar Abinci ta Duniya mai tallafa wa gidajen burodi, da UNICEF, da Red Crescent ta Falasɗinu mai motocin ɗaukar majinyata, da likitocin MSF, da Islamic Relief. Babu wadda ba ta da masu sukarta, amma dukkansu suna buga rahoton kuɗinsu kowace shekara, ana kuma bincikar littattafansu. A rubuta adireshin shafinsu da hannu a intanet, kada a bi mahaɗin da wani ya turo a WhatsApp, domin shafin bogi harafi ɗaya yake canzawa.

Akwai wani abu da mutanen Maraɗi da Katsina suka sani fiye da yawancin duniya: kwaɓin gyaɗar nan da ake ba yara masu tamowa. A yunwar Nijar ta 2005 aka fara amfani da shi da yawan gaske. Kowane ƙunshi giram 92 ne, yana ɗauke da kalori 500, kuma katan ɗaya mai ƙunshi 150 kan ishi yaro ɗaya jinyar mako shida zuwa takwas. Irinsa ake ba yaran Gaza. Yaron da ya daɗe da yunwa ba a cika masa ciki lokaci guda, domin gishirin jininsa na iya rikicewa har zuciya ta tsaya. Sai an auna damtsensa, an duba kumburin ƙafa, an bi shi mako-mako. Aiki ne na ma'aikacin lafiya, ba na mai ɗaukar bidiyo yana raba fakiti ba, kuma dalili ne na fifita ƙungiya mai asibiti a kan mai kyamara.

To masu tara kuɗi a gida fa? Da yawansu mutanen kirki ne, kuma suna sauƙaƙa wa wanda katinsa na naira ba ya biyan dala. Amma tambaya ba rashin kunya ba ce. Asusun da sunan ƙungiya yake ko da sunan mutum? Tana da rajistar CAC da takardar SCUML, sashen EFCC da ke sa ido kan kuɗin ƙungiyoyi? Wace ƙungiya ce za ta karɓi kuɗin a can, kuma ina shaidar turawar da aka yi a baya, da ranarta da farashin da aka canji dala? Kwamitin da ya tara miliyoyi ya kamata ya liƙa takardar banki a allon masallaci. Wanda ya amsa da "ka bar wa Allah" kawai, to a bar masa asusunsa. Akwai kuma batun doka. Amurka da Birtaniya da Tarayyar Turai sun sa Hamas cikin jerin 'yan ta'adda, kuma kuɗin dala ta bankunan Amurka yake ratsawa, don haka turawar da ba a fayyace mai karɓa ba tana iya maƙalewa wata da watanni. A Najeriya ma dokar yaƙi da ta'addanci ta 2022 tana hukunta ba da kuɗi ga ƙungiyoyin da aka haramta. Ko mene ne ra'ayin mutum kan siyasar yankin, kuɗin agaji hanyar agaji ya kamata ya bi.

Roƙon ɗaiɗaikun mutane a Facebook da TikTok ya fi wuyar sha'ani, domin akwai na gaskiya da yawa, akwai kuma 'yan damfara masu satar hotunan na gaskiyar. Shafin GoFundMe ba ya biyan kuɗi kai tsaye zuwa Gaza, dole sai ta hannun wani a Turai ko Amurka, ka ga amana ta ƙaru da mutum ɗaya. In kuɗin ya isa ma, da sauran aiki. Yaƙi ya durƙusar da bankuna, sababbin takardun shekel, kuɗin Isra'ila da ake kashewa a Gaza, ba sa shigowa, har ta kai a 2025 dillalai na cire kusan kashi 40 cikin ɗari kafin su ba mutum tsaba. Wato dala 100 ta koma 60 a hannu, a kasuwar da farashin gari ke ninkawa duk ranar da aka rufe ƙofa. Mai son taimakon wani iyali kai tsaye ya nemi magana da su ta bidiyo, ya fara da kaɗan, ya kuma yi hattara da wanda ke matsa masa lamba cewa sai yau, sai ta kuɗin kirifto.

Wayar da kai ma tana da ƙa'ida. An yaɗa hotunan yaƙin Siriya da sunan Gaza, an yaɗa bidiyon wasan kwamfuta da sunan fagen daga. Duk hoton ƙarya ɗaya da aka kama makami ne ga masu cewa duka shiri ne. Sa hoto a Google Lens don ganin inda ya fara fitowa ba ya cin minti biyu, alƙaluma kuma akwai su a rahotannin ofishin OCHA na Majalisar Ɗinkin Duniya. Sannan a ƙasa irin Najeriya, wanda ya mayar da batun nan rikicin Musulmi da wanda ba Musulmi ba ya kori rabin masu sauraronsa, kuma bai faɗi daidai ba. Shireen Abu Akleh, 'yar jaridar Aljazeera da aka harbe a Jenin a 2022, Kirista ce. Cocin Saint Porphyrius da ke Gaza, inda hari ya kashe masu neman mafaka a Oktoban 2023, yana cikin tsofaffin coci-coci na duniya. Kuma Afirka ta Kudu, wadda yawancin mutanenta Kiristoci ne, ita ta kai ƙarar Isra'ila kotun duniya a Disambar 2023.

Ƙaurace wa kaya yana tasiri in an saita shi. Ƙungiyar BDS mai kiran a ƙaurace wa Isra'ila, wadda Falasɗinawa suka kafa a 2005, ita kanta tana jan kunne kan dogayen jerin sunaye, tana zaɓar kamfanoni kaɗan masu hujja a kansu. Ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar a 2020 da sunayen kamfanoni 112 masu hulɗa da matsugunan Yahudawa a yankunan da aka mamaye, yana kuma sabunta jerin. Wannan madogara ce. Jerin da ke yawo a waya mai sunaye barkatai, wanda wani lokaci ɗan kasuwa ne ya cusa sunan abokin gasarsa, ba abin da yake yi sai karya mai shagon unguwa da ya riga ya biya kuɗin kayansa.

Tunda matsalar ƙofa ce, murya ga gwamnati tana da nauyi. Najeriya da Nijar sun amince da ƙasar Falasɗinu tun 1988, Najeriya kuma tana da hulɗar jakadanci da Isra'ila, wato tana da bakin magana da ɓangarorin biyu. Buƙata takamaimai ta fi taken gangami: gudunmawar gwamnati ga UNRWA, guraben karatu a jami'o'inmu ga ɗaliban da aka rusa nasu, shiga shari'ar kotun duniya kamar yadda Sifen da Turkiyya da Libiya suka nema. Wasiƙa mai sa hannun jama'a zuwa ga ɗan majalisar mazaɓa ko kwamitin harkokin waje ita ce hanyar. Masu shirya tattaki su sani sashe na 40 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya ba su 'yancin taro, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a 2007 cewa ba sai da izinin 'yan sanda ba. Duk da haka a sanar da su a rubuce, a tsayar da hanya da lokaci, a sa masu kula da layi, a bar ƙananan yara a gida. An sha zubar da jini a irin wannan fita a ƙasar nan.

Wasu kan ce mu ma muna da namu a Zamfara da Borno, ga Sudan inda 'yan uwanmu Hausawa ke cikin masu gudun yaƙi. Gaskiya ne, kuma mai ɗan abin hannu yana da ikon raba shi yadda ya ga ya dace, ba mai zarginsa. Tambayoyin da za a yi wa mai tara kuɗin Gaza su ne dai za a yi wa mai tara na Anka ko Darfur.

Tsagaita wutar da ta fara aiki a 10 ga Oktoba 2025 ta rage ruwan bama-bamai, ta kuma rage hankalin duniya a kan zirin, gudunmawa kuwa hankali take bi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta ɓaraguzan gine-gine sama da tan miliyan 50, da bama-baman da ba su fashe ba a cikinsu, ga dubban waɗanda aka yanke wa hannu ko ƙafa, yara a cikinsu sai an riƙa sauya musu ƙafar roba suna girma. Ƙungiyar da ta san abin da zai shigo mata duk wata ita ke iya ɗaukar ma'aikacin jinya na shekara, don haka naira dubu biyu da za a riƙa bayarwa kowane wata ta fi amfani gare ta a kan dubu ashirin da aka bayar sau ɗaya ranar da wani hoto ya tayar da hankali.