Kada ka kashe mai rai don a ba ka hutun kwana uku

Assalamu alaikum 'yan'uwa ma'aikata, na gwamnati da na kamfani da yaran shago.

Akwai wata ƙarya da muka saba da ita har mun daina ƙirga ta cikin zunubi, ita ce wadda ake yi wa shugaba a wurin aiki idan ana neman izinin tafiya. Mutum yana da biki a garinsu, ko zai je sarin kaya, ko gajiya ce ta taru masa, sai ya shiga ofishin oga ya marairaice fuska ya ce an yi masa rasuwa. Kawunsa yana can ƙauye da ransa da lafiyarsa yana noma, an kashe shi da baki. Wani mahaifiyarsa zai kwantar a asibiti. Wani kuma takardar likita zai sayo har da hatimi, alhali ko ciwon kai ba ya yi.

Ku duba abin da ke biyo baya. Abokan aiki sun ji labari sun yi salati, an zaga da takarda kowa ya rubuta sunansa da abin da ya samu, har masinja mai ɗan ƙaramin albashi ya sa nasa. An zuba a ambulan an miƙa masa, ana cewa "ya haƙuri, Allah ya ji ƙansa", shi kuma ya sunkuyar da kai yana amsa amin. Don Allah wannan kuɗin da wane suna zai ci shi? Albashin kwanakin da ya tafi kuma fa, wanda zai sayi hatsi da shi ya ciyar da 'ya'yansa?

Neman izini ba abin kunya ba ne, Allah da kansa ya yabi masu yin sa. A Suratun Nur, aya ta 62, ya siffanta muminai da cewa idan suna tare da Manzon Allah (SAW) a kan wani al'amari na jama'a, ba sa tafiya sai sun nemi izininsa. A yaƙin Khandak, shekara ta 5 bayan Hijira, ana haƙa rami cikin yunwa da sanyi, Jabir ɗan Abdullahi (RA) ya ce, "Ya Manzon Allah, ka yi mini izini in je gida," aka yi masa. A wannan yaƙin dai wasu suka zo neman izini suna cewa gidajensu a buɗe suke babu tsaro, sai Suratul Ahzab, aya ta 13, ta tona su: gidajen ba a buɗe suke ba, gudu kawai suke nufi. Ban ce ma'aikacin yau munafuki ba ne, Allah ya tsare, kuma ogan ofis ba annabi ba ne. Amma ƙirƙirar uzuri ɗabi'ar waɗancan ce, bai kamata mai sallah ya are ta ba.

Ƙissar da ta fi taɓa ni ita ce ta Ka'abu ɗan Malik (RA). Bai fita yaƙin Tabuka ba a shekara ta 9. Da aka dawo Madina, mutum tamanin da wani abu suka zo suna rantse-rantse suna kawo uzuri, aka karɓi zahirinsu aka bar su da Allah. Ka'abu mai fasahar magana ne, shi da bakinsa ya ce da a gaban wani mutumin duniya yake zaune da ya san yadda zai kuɓuta daga fushinsa. Amma ya ce wallahi ba shi da wani uzuri, bai ma taɓa samun ƙarfi da wadata kamar lokacin da ya ƙi fita ba. Manzon Allah (SAW) ya ce, "Amma wannan ya yi gaskiya." Gaskiyar ta jawo masa dare hamsin babu mai yi masa magana, shi da Murara ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya, har ƙasa ta yi musu ƙunci duk da faɗinta. Sannan aka saukar da karɓar tubarsu a Suratut Tauba, aya ta 118, muna karanta ta a sallah har yau. Kai da abin da za ka fuskanta bai wuce a ɗaure maka fuska ko a ce ka bari sai wani mako ba, me ya kai ka?

Ga shi kuma sau da yawa abin da ake yi wa ƙarya haƙƙin mutum ne. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba wanda ya cika wata 12 yana aiki hutun aƙalla kwana 6 na aiki da cikakken albashi, da hutun jinya har kwana 12 a shekara idan likita ya tabbatar, da mako 12 ga mai haihuwa. A 2021 gwamnatin tarayya ta amince wa ma'aikatanta maza hutun kwana 14 idan an yi musu haihuwa. Ka nema da wuri, ka faɗi ranar dawowa ka kuma cika ta, ka danƙa aikinka a hannun wani. Ba dole ka fallasa sirrin gidanka ba. "Ranka ya daɗe, ina da wata larura ta iyali" ta isa, muddin akwai larurar.

Na san abin da wasu za su ce: idan ka faɗi gaskiya ba za a bar ka ba. Wannan ƙorafin yana da tushe, shi ya sa nasihar ta hau kan iyayen gida ma. Alhaji, yaron shagonka ya shekara yana buɗe maka ƙofa tun da sassafe, yau ya tsaya a gabanka yana murza hannu, ya ce tsohuwarsa ba ta da lafiya a ƙauye, ko ɗaga kai daga kan lissafi ba ka yi ba ka ce "kasuwa ta buɗe, sai bayan sallah". Gobe idan ya zo maka da labarin mutuwa, kai ka koya masa cewa gawa kaɗai kake girmamawa. Manzon Allah (SAW) ya bar Usmanu ɗan Affan (RA) a Madina ranar Badar don ya yi jinyar matarsa Ruƙayya, ya kuma ce yana da lada da rabon wanda ya halarta. Malik ɗan Huwairis da samari 'yan'uwansa sun yi kwana ashirin a wurin Manzon Allah (SAW) suna karatu, da ya lura kewar iyali ta kama su, shi ya fara tambayarsu wa suka baro a gida, ya ce su koma. Ka riƙa tambayar yaranka lafiyar gida kafin su roƙe ka, idan ka sallami mutum kuma ka haɗa masa da kuɗin mota.

Wanda ya riga ya afka, ya tuba ya daina. Kuɗin ta'aziyyar da ya karɓa na mutane ne, ya mayar wa masu shi. Malamai sun ce idan yana tsoron fitina zai iya isar musu da haƙƙinsu ta kowace hanya ba sai ya yi bayani ba. Kwanakin da ya ci kuma ya nemi a cire su daga hutunsa na shekara, ko ya samu maigidan su biyu ya nemi yafiya. Sannan ya ɗauki waya ya kira kawun nan ya gaishe shi.