Ƙyandar biri: A gwada garkuwar mai ƙurjin da ya ƙi warkewa

Mafi yawan waɗanda ƙyandar biri ta kama suna tashi cikin mako biyu zuwa huɗu. Zazzaɓi ya zo, kaluluwa ta kumbura a wuya ko matsematsi, ƙuraje su yi ruwa, su yi ɓawo, su zube. Shi ya sa mutane da dama a Zariya ke saka ta sahun ƙarambau. Amma ga wanda ƙanjamau ya cinye wa garkuwa bai sani ba, ko ya sani ya bar shan magani, cutar takan zo da wata fuska daban.

Likitocin binciken tsoka su ne suka fi ganin wannan fuskar. Sukan yanko ɗan ƙanƙanin fata daga gefen miki, su rina shi, su shimfiɗa a gilashi, su duba ta madubin hangen ƙwayoyin cuta. Ƙwayoyin halittar saman fata za ka gan su sun kumbura kamar balan-balan, a cikinsu kuma ga wasu ɗigo-ɗigo da ake kira Guarnieri, inda ƙwayar cutar ke hayayyafa. A jikin mai ƙarfin garkuwa, fararen ƙwayoyin jini kan kewaye wurin su tsayar da ɓarnar a sama-sama. Inda garkuwa ta faɗi kuwa, babu mai tsayar da ita. Tsoka ta yi ta mutuwa har can ƙasa, ƙananan jijiyoyin jini su toshe, wurin ya yi baƙi, miki ya haɗe da miki. An sami ƙwayar cutar a huhu da hanji da maƙogwaro da ido. Sai kuma wasu cututtukan su bi ta buɗaɗɗen mikin su shiga jini.

A 2023 mujallar Lancet ta buga bayanan mutum 382 daga ƙasashe 19 masu ƙyandar biri da ƙanjamau tare. Mutum 27 suka rasu, kuma dukkansu adadin CD4 ɗinsu, wato ma'aunin garkuwa, bai kai 200 ba. Mu ma nan gida mun ga alama tun da wuri. Bayan cutar ta sake ɓulla a Yenagoa ta jihar Bayelsa a Satumban 2017, an ƙirga mutum 122 da ta kama ko ake kyautata zaton ta kama, 7 suka mutu, 4 daga cikinsu masu ƙanjamau ne.

A ganina, duk wanda ya zo asibiti da ƙyandar biri, ko na koyarwa da ke Shika ne, ko na Gambo Sawaba, ko ƙaramin asibitin unguwa, a ba shi shawarar gwajin ƙanjamau a ranar, cikin sirri. Gwajin 'yan mintuna ne. In ya nuna akwai, a auna CD4. Mikin da ke faɗaɗa yana yin baƙi kuwa a tura samfurinsa sashen binciken tsoka tun mai shi yana raye, domin mu al'umma ce mai gaggauta jana'iza, kuma ba kasafai ake binciken gawa ba.

Na san abin da ake tsoro: kada a riƙa nuna duk mai ƙurji da yatsa. Tsoron yana da tushe, domin tsangwama ce ke kai mutum kemis ko wurin mai sassaƙe har miki ya ci rabin fuska. Maganin wannan shi ne ma'aikacin lafiya ya riƙe amana. Kuma ba ƙanjamau kaɗai ke karya garkuwa ba. Akwai masu shan maganin cutar daji, da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, da 'yan matan da ke haɗiyar dexamethasone wata da watanni don su yi ƙiba, ba wanda ya taɓa gaya musu abin da yake yi wa jiki.

Maganin tecovirimat da aka sa wa rai bai hanzarta warkewar ƙuraje ba a gwajin da aka yi a Kwango. Ke nan farfaɗo da garkuwa ƙarƙashin kulawar likita shi ne babban abin da ke hannunmu, sai rigakafi. Allurai 10,000 Amurka ta ba Najeriya a Agustan 2024, a ƙasar da masu ƙanjamau suka kusa miliyan 2. Duk lokacin da ake rabon rigakafin a jihar Kaduna, ya kamata masu karɓar maganin ƙanjamau da CD4 ɗinsu ya yi ƙasa su kasance a sahun gaba.