Hayaƙin da Muke Saki Ma Yana da Nauyi a Ma'auni

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa maza da mata.

Idan aka ce israfi, hankalinmu yakan tafi kan abincin da aka zubar ko famfon da aka bari yana tsiyaya, domin waɗannan ido na gani. Akwai kuma israfin da ba ya barin ko toka a ƙasa, sama yake tashi ya shige iska. Masana suna kiransa sawun kabon, wato jimillar iskar kabon da rayuwar mutum ke fitarwa: man da ya ƙona, wutar da ya sha, abin da ya ci, da kayan da aka ƙera dominsa. Allah Maɗaukaki ya gaya mana a Suratur Rum, aya ta 41, cewa ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Kafin zamanin masana'antu, iskar kabon tana wajen kashi 280 ne cikin miliyan na iskar da ke kewaye da duniya, yau ta haura 420. Tana tare zafin da ya kamata ya fice, kamar bargo, kuma wani ɓangarenta yana daɗewa ɗaruruwan shekaru a sama. Wanda fari ko ambaliya za ta ci wa gona sau da yawa bai taɓa mallakar mota ba. A nan maganar ta zama ta haƙƙin wani, kuma mun san haƙƙin bawa ba a wasa da shi.

Mu ɗora abin a sikeli. Litar fetur ɗaya nauyinta bai kai kilo guda ba, amma idan ta ƙone tana fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon, dizal kuwa wajen kilo 2.7. Dalili shi ne kabon ɗin da ke cikin man yana haɗuwa da iskar oksijin yayin ƙonewa, sai nauyin ya ninku. Motar da ke shan lita 8 a kilomita 100, idan tana tafiyar kilomita 30 kullum, a shekara ta saki kusan tan 2. Matsakaicin abin da ke kan kowane mutum a duniya bai kai tan 5 a shekara ba, ka ga mota ɗaya ta kusa cinye rabi. Saboda haka daga nan ake fara gyara. Haɗa hidimomin fita uku a tafiya guda, domin injin da bai yi zafi ba ya fi shan mai. Duba iskar taya sau ɗaya a wata, da safe kafin a tuƙa, don taya mai laushi tana jan mota baya. Kashe inji idan tsayuwar za ta wuce minti ɗaya. Inda ƙafa za ta kai ka, taka. Takun zuwa masallaci ma an yi alkawarin lada a kan kowane ɗaya.

A cikin gida, mutane sun fi damuwa da cire caja daga soket, alhali babban mai ci yana rataye a bango. Na'urar sanyaya ɗaki ita ce giwar. Ajiye ta a digiri 25 ko 26, ka kunna fanka tare da ita, ka rufe ƙofa da taga. Wanke matatar ƙurarta duk bayan mako biyu zuwa huɗu, domin idan ta toshe injin yakan yi ta aiki ba hutu, sanyin kuma bai kai ba. Wani abin da ba a cika faɗa ba: gas ɗin da ke cikin yawancin waɗannan na'urori da tsofaffin firji, kilo ɗaya nasa yana ɗumama duniya fiye da kilo dubu na iskar kabon. Idan na'urarka tana neman ƙarin gas duk shekara, yoyo take yi. Ka sa mai gyara ya nemo hujin ya toshe kafin ya zuba sabo. Firji kuma, rufe ƙofarsa a kan takarda ka ja. In ta zare ba wuya, robar ƙofar ta mutu, sanyi na zurarewa dare da rana. Tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 da na LED mai wat 9 haskensu kusan ɗaya ne.

Sai abinci. An ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ake nomawa a duniya yana salwanta ba a ci ba. Abincin da ya ruɓe a binne cikin juji yana fitar da iskar metan, wadda ta fi ta kabon ɗumamawa kusan sau 28 a tsawon shekara ɗari. Ayar Suratul A'araf ta 31 ta riga ta gama magana: ku ci, ku sha, kada ku yi israfi. Dafa daidai bakin da za su ci, rufe tukunya, rage wuta da zarar ta tafasa, don ruwan da ya tafasa ba ya ƙara zafi komai ƙarfin wutar.

Wayar hannu fa? Mafi yawan hayaƙinta an riga an fitar da shi a ma'aikata kafin ta iso hannunka. Canza mata batiri ka ƙara shekara biyu da ita ya fi duk wani tsimin caji.

Game da bishiya, Anas bin Malik ya ruwaito a Bukhari da Muslim cewa duk Musulmin da ya yi dashe ko shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi. Amma kada a ɗauki dashe lasisin ci gaba da ɓarna, domin bishiya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta zuƙe abin da mota ta saki a wata guda. Kuma dashe da yawa yana mutuwa tun yana ƙarami, saboda an ɗauki hoto an tafi. Zaɓi irin da ya saba da ƙasar wurin, dasa a farkon damina, cire ledar saiwar kafin ka binne, kewaye shi daga dabbobi, ka riƙa ba shi ruwa a lokacin rani har shekara biyu ko uku, sai saiwarsa ta kama.