Ba girman jirgin ruwa ne alamar tsadarsa ba

A majalisun shayi na unguwar Nima a Accra, da hoton katafaren jirgin ruwan shaƙatawa ya faɗo a waya sai ka ji an ce, "Wannan sai manyan attajirai." Ban ga laifin masu faɗa ba, tunda jirgi kamar Icon of the Seas, da ya fara aiki a 2024, yana iya ɗaukar fasinja 7,600. Sai dai maganar tana damuna, don ba haka abin yake ba.

Manyan jiragen nan da yawan jama'a suke cin riba. Kuɗin ɗaki da sauƙi, abin sha da yawon gari kuwa kowa ya biya nasa daban. Masu hannu da shuni ƙanana suka fi bi, irin na kamfanonin Silversea da Seabourn, da ba sa kai ɗaukar mutum 800. A can ma'aikata sun kusa kai yawan fasinja, abinci da abin sha duk suna cikin tikiti, irinsu kuma kan tsaya a tashoshin Tema da Takoradi na Ghana jefi-jefi.

Ƙanƙantar ma kuɗi ce. A Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke kudancin duniya, jirgin da ya ɗauki fiye da mutum 500 ba a barinsa ya sauke kowa a tudu, sai dai fasinja su yi kallo daga kan ruwa.